Tsohon cocin katako na Petäjävesi: itace ne ya tsara siffarsa, ko aƙida, ko kwaikwayon birni?

Malam Ishaya:
Jama'a, barkanmu da warhaka. Ina so in ɗora mana wani gini a faifai, domin na san a wannan zaure akwai magina da injiniyoyi da malaman tarihi da za su iya warware abin da ya shige mini duhu. Ginin shi ne tsohon cocin ƙauyen Petäjävesi da ke tsakiyar ƙasar Finland, wajen kilomita 30 yamma da birnin Jyväskylä, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1994. An gina shi tsakanin 1763 da 1765 da gumaguman itace, a zamanin da Finland take ƙarƙashin sarautar Suwidin.

Mutanen wurin manoma ne mabiya ɗarikar Lutheran, kuma a lokacin suna ƙarƙashin ikilisiyar Jämsä, wadda cocinta yake da nisa ƙwarai da su. Tun a 1728 fadar Suwidin ta ba su izinin su yi maƙabarta da ɗan ƙaramin coci da kuɗin aljihunsu, amma sai da aka shafe kimanin shekara 35 kafin a fara aikin. Wanda ya jagoranci ginin wani kafinta ne na yankin mai suna Jaakko Klemetinpoika Leppänen, kuma jikansa Erkki Leppänen ne ya ƙara hasumiyar ƙararrawa a 1821. Sun zaɓi wani ɗan tudu da ya kutsa cikin tafki, saboda a ƙasar da tafkuna suka fi hanyoyi yawa, jama'a kan zo sujada a kwalekwale da rani, su bi ta kan ƙanƙara idan ruwan ya daskare da hunturu.

Tambayata a kan siffar ginin take. Idan aka dube shi daga sama, gicciye ne mai hannuwa huɗu masu tsawo ɗaya, a tsakiyarsa kuma akwai ƙubba mai fuska takwas. Ni a ganina aƙida ce ta kawo wannan tsari. Tun da Martin Luther ya ta da gyaran ikilisiya a Jamus a 1517, wa'azi cikin harshen da talaka yake ji shi ne ya zama ƙashin bayan sujada, kuma ginin da ya tattaro kowa kusa da mumbari ya fi dogon zauren da na baya ba ya jin abin da fasto yake faɗa. Me kuka gani?

Injiniya Sani:
Malam Ishaya, Allah ya saka da alheri da wannan batu. Ban ƙi taka ba, amma ina ganin kafin a tambayi fasto, kamata ya yi a tambayi itacen, domin shi ne ya fara gindaya sharaɗinsa.

Irin wannan gini kwantar da gumagumai ake yi ɗaya bisa ɗaya. Ana sassaƙe kowane gungume da gatari, a feƙe masa kwari a cikinsa ta ƙasa domin ya hau kan na ƙarƙashinsa ya zauna daram, a cusa gansakuka a tsakani saboda iska, sannan a yanka bakin kowanne yadda zai sarƙe da na bangon da ya gitta shi a kusurwa. Ƙarfin ginin duka a kusurwoyin nan yake. To, gungume yana da iyakar tsawonsa, kuma bangon da ya yi tsawo da yawa ba tare da wani bango ya gitta shi ba, da sannu zai fara yin ciki ya karkace, musamman idan akwai rufi mai nauyi da ke tura shi waje, ga kuma dusar ƙanƙara da ke taruwa a kai.

Yanzu ku ƙirga kusurwoyin gicciye mai hannuwa huɗu. Za ku samu goma sha biyu, takwas na waje, huɗu na ciki. Kafinta ya samu babban ɗaki ke nan ba tare da ko bango ɗaya ya yi tsawon da zai gagare shi ba, kuma kusurwoyin ciki huɗun nan su ne suke ɗauke da ƙubbar, ga manyan katakai da aka gitta daga bango zuwa bango suna hana su buɗewa. Duk wanda ya san yadda tsawon azara yake tsara faɗin ɗaki a ginin ƙasa na gargajiya zai gane wannan lissafi nan take.

Dakta Habu:
Da izinin Malam da Injiniya, ina ganin dukanku kun tsallake abu mafi sauƙi. Ba a Petäjävesi aka ƙirƙiro wannan siffa ba. A Stockholm, babban birnin masarautar, an riga an gina cocin Katarina bisa zanen Jean de la Vallée, aka kammala shi a 1695, kuma shi ma gicciye ne mai hannuwa daidai da ƙubba a tsakiya. Shi kansa wannan ya samo asali ne daga maginan Italiya na zamanin farfaɗowar fasaha, waɗanda suke sha'awar ginin da komai nasa yake kewaye da tsakiya guda, kuma waɗannan ’yan Katolika ne, ba ruwansu da Luther. Daga Stockholm salon ya gangara zuwa garuruwan gaɓar tekun Finland, har Helsinki ta samu nata cocin katako mai siffar gicciye a 1727, daga nan kafintoci suka shiga da shi cikin daji.

Saboda haka abin da Leppänen ya yi kwaikwayo ne na abin da ake yayi a birni. Rufinsa mai tsananin gangara ya ɗauko shi daga tsofaffin cocin duwatsu na zamanin Katolika, ƙubbarsa daga Italiya ta biyo ta Stockholm, su kuma bakunan rufin ciki da ya lanƙwasa da alluna, siffar ginin dutse ce aka yi da katako. A ginin dutse wannan lanƙwasa aiki take yi, ita ke riƙe nauyi. A nan kuwa alluna ne kawai aka jera, ado ne.

Malama Rifkatu:
Ina gaishe ku, iyayena da yayyena. Ni ’yar ɗarikar Lutheran ce daga Numan, inda mishan ɗin ƙasar Denmak ya fara aiki a 1913 ta hannun Dakta Niels Brønnum, don haka batun ya shafe ni ta wajen aƙida ko da yake ginin yana can wata duniya.

Dakta, ko da an yarda cewa siffar aro ce, ai mutum ba ya aron abin da ba zai yi masa amfani ba. A cocin da aka yi wa tsarin gicciye, ana kafa mumbari ne a jikin ɗaya daga cikin kusurwoyin ciki, a ɗaga shi sama, yadda mai wa'azi zai ga yawancin kujeru, muryarsa kuma ta isa ko'ina a zamanin da babu lasifika. A daular Suwidin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mikael Agricola ya fitar da Sabon Alkawari a harshen Finland a 1548, taron Uppsala na 1593 ya tabbatar da aƙidar Lutheran a masarautar, sannan dokar ikilisiya ta 1686 ta ɗora wa kowa zuwa coci da koyon karatu. Daga kan mumbarin nan ne kuma ake karanta wa talakawa sanarwar sarki, ta haraji da ta ɗaukar soja. Gini ne da aka yi domin a ji magana.

Ina roƙon ku ku nemi hoton mumbarin Petäjävesi ku dube shi da kyau. Ba ginshiƙi ne yake ɗauke da shi ba, mutum-mutumi ne na Waliyyi Kiristofa da aka sassaƙa da itace, wanda labarin gargajiya na ikilisiya ya ce ya saɓa Almasihu yana yaro ya haye kogi da shi. A jikin mumbarin akwai ƙananan siffofin mala'iku da manzanni, masu zagayayyun fuskoki da idanu a buɗe, waɗanda kana gani ka san hannun masassaƙin ƙauye ne, ba na wanda ya yi makarantar zane ba. Kewaye da shi kuwa bango ne na itace tsura wanda ba a shafa masa fenti ba, ya yi launin toka-toka saboda shekaru, har ana ganin sawun gatari a jikinsa. Mutanen da suke haye tafki kowace Lahadi, wani lokaci a kan ƙanƙarar da ta fara narkewa, ina ganin ba banza suka sa mai haye kogi a ƙarƙashin mumbarinsu ba.

Malama Hadiza:
Malama, ki yi mini haƙuri da tambayar ɗaliba. Na ɗauka waɗanda suka rabu da Katolika sun daina ajiye siffofin waliyyai a wuraren ibadarsu, to yaya aka yi wannan ya samu shiga?

Malama Rifkatu:
Tambaya ce mai kyau, ’yar'uwa. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Mabiyan Zwingli da Calvin a Suwizalan su ne suka kwashe siffofi daga majami'u. Luther kuwa, da ya ji an fara farfasa su a garin Wittenberg na Jamus, sai ya dawo a 1522 ya yi wa'azi a kan a daina, yana ganin ba laifi ba ne a bar su muddin ba bauta musu ake yi ba. Shi ya sa a ƙasashen arewacin Turai za ki tarar da cocin Lutheran da bagade da gicciye da zane-zane, har da siffofin da aka gada tun zamanin Katolika.

Malam Ishaya:
Na gode, Malama, kin ƙarfafa mini gwiwa. Dakta, ina jiran amsarka, domin ina ganin an kai ka bango.

Dakta Habu:
Ranka ya daɗe, da sauran tafiya. Ga hujjar da nake so ku auna. A garin Keuruu, wanda ba shi da nisa da Petäjävesi, akwai wani tsohon cocin katako da Antti Hakola ya gina tsakanin 1756 da 1759. Daji ɗaya ne, itace ɗaya, ɗarika ɗaya, sarki ɗaya, tsakaninsu ’yan shekaru ne kawai. Amma na Keuruu dogon zaure ne mai hasumiya a gefen yamma, kuma cikinsa cike yake da zane-zane masu launi. Idan itace ne yake tilasta siffar gicciye kamar yadda Injiniya ya ce, me ya sa bai tilasta wa Hakola ba? Idan kuma aƙida ce, shin mutanen Keuruu ba sa son jin wa'azi ne? Abin da ya bambanta gine-ginen biyu shi ne inda kowane kafinta ya koyi sana'a da irin ginin da ya saba gani. Hakola mutumin yankin Ostrobothnia ne na gaɓar teku, inda dogon zaure ya daɗe da kafuwa.

Injiniya Sani:
Dakta, hujjarka ta kama, amma ban ce gicciye ne kaɗai mafita ba. Cewa na yi matsalar dogon bango tana nan, kuma dole kowane kafinta ya nemi hanyar magance ta. Mutanen Ostrobothnia ɗin da ka ambata sun samo tasu tun da wuri. Suna gina wasu ginshiƙai masu kusurwa huɗu, da gajerun gumagumai da aka sarƙe, cikinsu fanko, sai a tsaga dogon bango da su ta yadda bakin gumaguman bangon zai shiga cikin ginshiƙin ya ɓuya, sannan a ɗaure kowane ginshiƙi da takwaransa na ɗaya ɓangaren da katako a sama. Cocin Vöyri na 1626 da na Tornio na 1686 suna nan tsaye a kan wannan dabara. Wato itacen ya ba da zaɓi biyu ko uku, kafinta ya ɗauki wanda ya iya.

Inda ban yarda da kai ba shi ne kiran aikin kwaikwayo kawai. Dutse ba ya motsi, amma bangon gumagumai yana zama. A shekarun farko itacen yana bushewa, kaurinsa yana raguwa, bangon gaba ɗaya yana sauka ƙasa a hankali, alhali duk wani katako da aka tsayar a tsaye, kamar na ƙofa da taga, tsawonsa yana nan yadda yake. Idan kafinta bai bar sarari a saman taga ba, nauyin bango zai sauka a kanta ya murƙushe ta, ko kuma bangon ya rataye a kanta ya buɗe baki. Mutumin da ya ɗora ƙubba mai fuska takwas a kan kusurwoyi huɗu masu sauka, ya kuma lissafa yadda za su sauka tare, bai samu wannan ilimi a cocin Katarina ba, domin maginin dutse ba shi da wannan damuwa. Kuma idan muka duba dalilin da UNESCO ta bayar, ai wannan ɗin ne ta yaba, wato yadda manoma suka mai da siffofin ginin dutse na Turai zuwa fasaharsu ta gumagumai.

Malama Hadiza:
Injiniya, abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda katako ya wuce shekara 250 a ƙasar ruwa da danshi bai ruɓe ba. A nan idan aka bar katako shekara kaɗan, gara ta gama da shi.

Injiniya Sani:
Gara ba ta rayuwa a sanyin Finland, don haka babban abokin gabarsu ruwa ne, kuma duk dabarar ginin a kan korar ruwa take. An ɗora gumaguman farko a kan duwatsu domin kada su taɓa ƙasa. An zaɓi tsofaffin itatuwan fayin (wani itacen ƙasashen sanyi mai ganye kamar allura) masu yawan ƙaro a zuciyarsu, waɗanda sanyi ya sa suka girma a hankali har namansu ya yi tauri, kuma bisa al'ada da hunturu ake sare su. Rufin yana da tsananin gangara domin ruwa da dusar ƙanƙara su zube da sauri, an kuma lulluɓe shi da ƙananan alluna da aka jera kowanne yana rufe bakin na ƙasa da shi.

Sai kwalta, wadda ba ta man fetur ba ce irin ta hanya. Daga itacen fayin ɗin ake samun ta. Ana ɓare ɓawon itacen yana tsaye, a bar shi wasu shekaru yana tara ƙaro, sannan a sare shi, a faskara, a jera a cikin rami mai siffar mazurari, a rufe da ƙasa, a sa wuta ta ci a hankali ba tare da iska mai yawa ba, kwaltar tana tsiyaya ta ƙasa ana tara ta a ganga. A ƙarni na 17 da na 18 wannan kwalta tana cikin manyan kayan da Finland take sayar wa masu jiragen ruwa na Turai, saboda haka kowane ƙauye ya san aikinta. Ita ake ɗumamawa a shafa wa rufin, kuma ba sau ɗaya ba, duk bayan ’yan shekaru sai an maimaita, musamman a gefen da rana ta fi duka. Allon da ya lalace kuwa cire shi ake yi a sa sabo.

Dakta Habu:
A nan zan ƙara wani dalili da ba na kafinta ba. Abin da ya fi ruɓewa halaka tsofaffin cocin ƙauye shi ne ƙaunar masu su. Ikilisiya idan ta yi yawa ko ta yi arziki, sai ta faɗaɗa gini, ta lulluɓe bango da alluna, ta yi fenti, ta sa murhun ɗumama ɗaki, ko ta rushe shi ɗungurungum ta yi sabo a gurbinsa. A 1776 sarautar Suwidin ta yi dokar da ta nemi a riƙa kai zanen gine-ginen jama'a Stockholm domin a amince, ta kuma fifita ginin dutse, bayan 1809 kuma da Finland ta koma hannun Rasha, ofishin gine-gine na gwamnati ya ci gaba da wannan aiki, har mai zanen gini Bajamushe Carl Ludvig Engel ya shugabance shi. Daga nan zamanin kafintan da yake tsara coci da kansa ya fara shuɗewa. Cocin Kerimäki da aka kammala a 1847, wanda yake da kujerun mutum sama da 3,000, shi ma katako ne, amma zanen ƙwararren mai zanen gini ne.

Petäjävesi ya tsira ne saboda a 1879 mutanensa sun gina sabon coci a tsallaken ruwa suka koma can, suka bar tsohon yadda yake, sai ƙararrawa da maƙabarta kawai ake amfani da su. Ya zauna haka shekaru da dama har wani masanin tarihin fasaha daga Ostiriya, Josef Strzygowski, ya ja hankalin mutane gare shi a shekarun 1920, aka fara gyaransa a 1929. Bangon nan tsura da Malama take yabawa, da sun ci gaba da sujada a cikinsa kowane mako, ina kyautata zaton da tuni an shafe shi da farin fenti.

Malama Rifkatu:
Dakta, gaskiya ne ba a yi masa fenti ba, amma cewa sun bar shi ta yi nauyi. Mutanen da iyayensu suke kwance a maƙabartar da ke kewaye da gini ba su rabu da shi ba, kuma sun iya rushe shi su kwashe gumaguman su yi rumbuna, kamar yadda ginin irin wannan yake da sauƙin warwarewa, amma ba su yi ba. Har yau ikilisiyar garin ce take da shi, kuma da rani ana yin sujada a ciki, ana ɗaura aure, ana yin baftisma. Da hunturu ne ake barin sa, saboda ba a sa masa abin ɗumamawa ba.

Injiniya Sani:
Rashin ɗumamawar nan ma alheri ne ga itacen, domin zafin murhu yana busar da katako da sauri ya tsattsage shi, ga kuma haɗarin gobara. Wuta ita ce abin tsoro na gaske ga rufin da ya sha kwalta. Cocin Fantoft na Norway ya ƙone ƙurmus a 1992 ta hannun masu ƙone-ƙone, a Finland kanta an sa wa cocin Tyrvää wuta a 1997 jim kaɗan bayan an gama sabunta rufinsa, rufin babban cocin Porvoo kuma ya ƙone a 2006. Waɗannan biyu na ƙarshe bangonsu na dutse ne, shi ya sa aka samu abin da za a sake ginawa a kai.

Malama Hadiza:
Tun da an ambaci Norway, shin cocin katakonsu da ake yawan nunawa a hoto, masu rufi hawa-hawa, iri ɗaya ne da wannan?

Malam Ishaya:
A'a, Malama, sun bambanta ta wajen zamani da ta wajen fasaha. Na Norway, irin na Urnes da aka gina wajen 1130, na zamanin Katolika ne, daga baya suka koma hannun Lutheran, kuma 28 ne suka rage. Tsayar da ginshiƙai ake yi a tsaye, a jera alluna a tsaye a tsakaninsu, don haka ba su da matsalar saukar bango da Injiniya ya bayyana. Na Petäjävesi kuwa tun ranar farko domin sujadar Lutheran aka yi shi, da gumagumai a kwance.

Dakta, game da Keuruu, ina nan a kan bakana ta wani ɓangare. Ko a dogon zauren Lutheran na wancan zamani, ba a can ƙarshen ɗaki ake kai mumbari ba, a jikin dogon bango ake rataye shi kusa da jama'a, a kuma ƙara benaye na katako domin na nesa su matso. Siffar bango na iya zama ta kafinta, amma wurin da mumbari yake tsayawa na fasto ne.

Dakta Habu:
Wannan na karɓa, Malam, in dai a kan mumbari da benaye muka tsaya. Sai dai ina tunatar da zaure cewa ginin da muke gani yau ba duka ne na 1765 ba. A 1821, lokacin da jikan ya gina hasumiyar ƙararrawa ya haɗa ta da hannun yamma, an faɗaɗa tagogi, an kuma ɗauke ɗakin ajiyar kayan sujada daga arewa aka mai da shi gabas. Duk wanda zai kafa hujja da hasken da ke cikin cocin, ko da yadda mutum yake shiga ta ƙarƙashin hasumiya ya fuskanci bagade, to ya san da aikin Erkki yake magana, ba na kakansa ba. Idan Injiniya zai samo mana zanen shimfiɗar ginin mai nuna waɗannan sauye-sauye, sai mu ajiye shi kusa da na Keuruu mu auna tsawon bangayen biyu.